Ajin da Kowa Ya Ci Gwajin Ido

Ku gyara zama in ba ku labarin gidan wani tsohon hedimasta, mutumin da ya ajiye aiki amma aikin ya ƙi ajiye shi. Ko bayan ya yi ritaya, da ya ji wani malami ba shi da lafiya sai ka gan shi ya saɓa riga ya tafi riƙe masa aji, ba wanda ya aike shi.

Ran nan da la'asar Auta, ƙaramar 'yarsa, ta dawo daga firamaren da take koyarwa. Ta tarar da Baba zaune a kujerarsa fuska ba annuri, Umma na gefe tana linke wanki, ga kuma Gwaggo, ƙanwar Baba, ko mayafi ba ta cire ba. Auta ta yi sallama, aka amsa mata ciki-ciki.

"Zo ki zauna," in ji Baba. "Daga taron kwamitin iyaye nake. Maganarki da yaron nan Dokta, a jingine ta."

Shi Dokta ba likita ba ne. Ma'aikacin lafiya ne da hukumar ilimi ta gunduma ta ɗauka yana zagaya makarantu, yara suka laƙaba masa sunan har ya bi shi. Manyansa sun riga sun zo neman auren Auta, rana kawai ta rage a sa.

"A jingine? Baba, me ya yi?"

"Ke za ki gaya mini. Iyaye da 'yan kasuwa sun haɗa gudummawa, hukuma ta ɗora nata, don a saya wa yara masu raunin gani tabarau. Aka ce ya gwada idon kowane ɗalibi. Duk ajin da ya shiga ya samu masu matsala. Ajinki kuwa kaf, wai kowa garau! Har da 'yar tela, yarinyar da sai ta manna hanci a littafi take karatu. Yau tela ya miƙe a taro yana kumfar baki, ni kuwa ina shugaban kwamiti na rasa inda zan sa fuskata."

Gwaggo ta taɓe baki. "Ai magana a fili take, Yaya. Ya shiga aji ya ga sahiba, hira ta yi daɗi, ya rubuta abin da ya ga dama ya fita. Unguwa duk ta ɗauka!"

"Wallahi Gwaggo a gabana ya gwada su, ɗaya bayan ɗaya! Ko kallona bai yi ba sai da ya gama!"

"To a ina idon 'yar tela ya samo waraka?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ita ta fi kowa sanin yarinyar ba ta ganin allo, don ita ta dawo da ita bencin gaba. Kuma ranar gwajin da idonta ta ga yarinyar ta tsaya can ƙarshen aji ta faɗi komai daidai. Abu biyu ne, kowanne gaskiya, sun kuma ƙi zama wuri ɗaya.

Baba ya miƙe. "Kwamiti ya riƙe gudummawar, hukuma ta dakatar da shi. Ni kuma wanda ya yi wasa da idon 'ya'yan mutane ba zan damƙa masa 'yata ba. Na gama magana."

Auta ta shige ɗaki ta kifa kai a gado. Umma ta biyo ta, ta zauna tana shafa mata baya.

"Umma, ni kaina ya kulle. Ko dai ni ce ban ga daidai ba?"

"Ni ma ban gane ba, 'yar nan. Amma kada ki ja da mahaifinki. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo."

Washegari lokacin hutun tara, yara na guje-guje a fili, Auta ta kira Dokta a waya.

"Ka sake duba rizalt ɗin?"

"Na duba har ya fara ba ni jiri," in ji shi. "Babu mistek ko ɗaya."

"Ko allon gwajin ne ya yi musu kusa?"

"Da tef na auna tazarar, ke shaida ce."

"To ko yarinyar ta warke ne ba mu sani ba?"

"Ke da kika ce jiya ta yi karo da kwandon shara?"

Auta ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. "A ofishin malamai da na shiga sai kowa ya yi tsit. Ka zo ka yi wa Baba bayani mana!"

"In ce masa me? Abin da ni kaina ban gane ba? Sori, Auta, amma ba zan taka ƙofar gidanku ba sai ya yarda. Uba ne, kuma a wurinsa yana da hujja. Mu yi haƙuri."

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Auta ta rame, tana koyarwa hankalinta na wani wuri. Gwaggo kuwa har ta fara kawo labarin wani ɗan ƙawarta mai shagon kayan gini.

Daga ƙarshe hukuma ta aiko da wata nas, babbar mace mai natsuwa, ta sake gwajin a gaban kwamiti. Aka jera iyaye a jikin taga. Dokta ya tsaya waje bakin ƙofa, hannu a baya. Baba kuwa da ya shigo, sabo ya ja shi kai tsaye zuwa teburin malami, ya zauna yana fuskantar ɗalibai, bango na bayansa.

Nas ta ɗauko allon gwaji daga saman kabad, ta rataye shi sama da kan Baba. Farin kwali ne mai alamomi kamar cokali mai yatsu, wani ya kalli sama, wani ƙasa, wani dama, wani hagu, suna ƙanƙancewa layi bayan layi. Makarantar ba ta da ɗakin lafiya, don haka tun zangon da ya wuce Dokta ya bar shi a ajin Auta, ya daɗe rataye a bango kafin a naɗe shi.

Aka kira 'yar tela. Ta laluba ta tsaya ƙarshen aji, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu. Nas ta ɗora sanda a layin farko.

"Dama! Sama, hagu! Ƙasa, dama, sama!"

Har layin ƙarshe, wanda ko manya sai sun ƙanƙance ido, ba ta yi tuntuɓe ba.

"Ikon Allah!" in ji tela. "Yarinyar da ba ta iya zura mini zare a allura?"

Nas ta dubi allon, ta dubi yarinyar, ta dubi Auta. Wani daga cikin iyaye ya ce ko aljanu ne, wani ya ce a yi addu'a. Nas ta ce a sake da ɗaya idon. Yarinya ta fara, sai tari ya sarƙe nas, ta sauke sanda ta juya baya. Amma yarinya ba ta tsaya ba! Ta ci gaba, har da rausaya kai. Kafin ka ce kwabo ajin duka ya ɗauka, da tafi, da buga benci:

"Dama! Sama, hagu! Ƙasa, dama, sama!"

Auta ta dubi mahaifinta. Yatsunsa na buga tebur daidai da kiɗan, leɓensa na motsi. Can sai hannun ya tsaya cak. A hankali ya waiwaya ya ɗaga kai.

"Wannan... me ya kawo allon koyon hagu da dama cikin maganar ido?"

"Baba, ai shi ne allon gwajin," in ji nas.

Auta ta daka wa yaran tsawa suka yi shiru. "Wa ya koya muku wannan waƙar?"

"Baba Hedimasta!" suka amsa baki ɗaya.

Gumi ya karyo wa tsoho. Ya cire hula, ya mayar. Ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ni ne. Zangon da ya wuce zazzaɓi ya kwantar da malamarsu, na zo na riƙe ajin. Na gan shi a bango. A zamaninmu duk abin da ke bangon aji dole ya shiga kan ɗalibi. Sai da na tabbatar kowa ya iya shi ido rufe."

"Ido rufe kuwa!" in ji tela, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Sauran iyaye suka ɗauka.

Nas ta juya allon, kansa ya koma ƙasa, ta sake kiran 'yar tela. Ko layi na biyu yarinyar ba ta gani ba. Kafin a tashi an samu wasu yaran irinta. A nan take kwamiti ya saki gudummawar, ya kuma amince a gyara ƙaramin sito ya zama ɗakin lafiya.

Baba bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ya taka zuwa bakin ƙofa. Dokta na ganinsa ya durƙusa.

"Tashi, ɗana. Ni ya kamata in durƙusa. Na ɓata maka suna da hannuna, na kuma zauna na yanke maka hukunci."

"Haba Baba, ya wuce. Wallahi duk makarantun da na zaga ban ga ajin da ya riƙe darasi irin wannan ba."

Tsoho ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. "Ka ce wa manyanka ina jiransu."

Da labari ya isa gida Umma ta ɗaga hannu tana hamdala, Gwaggo kuwa ta gyara mayafi ta ce, "Ni dama tun farko na ce yaron nan ba shi da fuskar maƙaryata!" Auta ta dubi Umma, Umma ta dubi ƙasa.

Hukuma ta mayar da Dokta bakin aiki, aka ɗaura aure kafin hutun ƙarshen shekara.

To, 'ya'yana, kun ji. Da Auta ta yi wa mahaifinta rashin kunya, ko Dokta ya yi zuciya ya tafi, da gaskiya ta fito ta tarar ba kowa a gida. Sun yi haƙuri a lokacin da ba su gane komai ba, shi ne haƙuri mai wuya. Ku kuma manya, in abu ya ɗaure muku kai kada ku yi saurin rataya shi a wuyan wani, don wani lokaci igiyar tana hannunku. Wanda ya ji ya riƙe, amma don Allah kada ya haddace bai fahimta ba.