Bututun da Ya Ɓace a Ƙarƙashin Kankare

Sufeto Attahiru bai gama shan kununsa ba Hajiya Mahbuba, mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata na kwalejin bakin gari, ta faɗo ofishinsa.

An daɗe ana fama da aikin nan. An haƙa rami daga babban titi har ƙofar kwalejin, an ce an binne bututun ruwa, an zuba kankare a kai ya zama hanyar masu tafiya a ƙasa. Jiya aka saki ruwa don gwaji, ko ɗigo bai iso ba. Da aka leƙa ta gefe, sai aka tarar bututu na farkon layin, yana ƙarshensa, tsakiya kuwa ƙasa ce zalla.

"Kuma har kun kama ɓarawo, an ce mani," in ji ta. "To ina bututun?"

Attahiru ya dubi Sajan Lawwali. Sajan ya dubi rufi. Ashe tun jiya Mukhtari, shugaban leburorin aikin, ya kawo wani mai haƙa ɗan Birnin Konni mai suna Zakari, aka jefa shi bayan kanta. Difi'o ya riga ya ce gobe a kai shi kotu. A Illela in abu ya ɓace, hannu na fara nuna ƙetaren iyaka ne, abin da ke ba Sufeto haushi ke nan.

Ya sa aka fito da Zakari. Mutum ne siriri, tafin hannunsa duk kanta.

"Kai ka haƙa ramin?"

"Ni da 'yan uwana, ranka shi daɗe."

"Ka ga lokacin da aka sa bututun?"

"Ban gani ba. Ranar da za a sa, Mukhtari ya tura mu Amarawa ɗibar yashi. Da munka dawo, an zuba kankare."

"Dukkanku?"

"Duk wanda ya san ramin."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

A wurin aikin suka iske Mukhtari, ya sha farar shadda, yana ta faɗa da masu acaba da ke hawa sabuwar hanyar.

"Yaya aka yi ɓarawo ya cire bututu daga ƙarƙashin kankare?"

"Fasawa sunka yi, yallaɓai. Sunka zare, sunka sake zuba wani. Mutanen ga sun iya aiki."

"Ɓarawo ya sayi siminti ya gyara maka hanya?"

"Don kada a gane mana."

Attahiru ya ja dogon tsaki. Ya fara takawa a kan hanyar, kansa a ƙasa, Sajan na biye yana share gumi. Can tsakiya ya tsaya. Wasu faffaɗan sawu ne kwance a kankaren, kamar an danna faifai, sun miƙe daidai inda bututun ya ɓace.

"Sajan, ka tuna raƙumin ranar kasuwa?"

Sajan ya tuna. Ranar da aka zuba kankaren, raƙumin wani Buzu ya kufce daga kasuwar kara ya bi ta kai tun yana ɗanye. Wanda ya ja Buzun har ofishin 'yan sanda, ya wuni yana ihu sai an biya shi, shi ne Mukhtari. Attahiru da kansa ya raba rigimar, har ta sa ya rasa jam'in la'asar.

"Malam Mukhtari, ɓarayin da suka sake zuba kankaren, sun dawo da raƙumin ne ya sake takawa?"

"Mi?"

"Ka ji ni sarai."

Mukhtari ya ce rana ta yi zafi, yana so ya zauna. Sufeto ya ce akwai wurin zama a mota.

Sauran bai yi wuya ba. Wani direban tifa ya tuna ya kai kaya Tozai, gonar albasar ƙanin matar Mukhtari. Da suka isa, sai ga bututun kwalejin miƙe daga injin ban ruwa har ƙarshen fadama, albasa ta yi shar, ɗalibai kuwa na can suna layi da jarka.

Nan Mukhtari ya durƙushe.

"Wallahi aro na yi, yallaɓai. Na ce in an cire albasa sai in maido."

"Ka maido ta ina? Ka zuba kankare a kai!"

"Ban zaci za a saki ruwan bana ba. Ai ba a saba ba."

"Shi kuma Zakari?"

Mukhtari ya sunkuyar da kai. "Na ga baƙo ne, babu mai biyo sawunai."

Sajan ya ɗaura masa ankwa, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

A ofis aka buɗe bayan kanta. Zakari ya fito yana gyara wuyan rigarsa, Mukhtari na shiga. Sufeto ya ce wa Zakari ya yi haƙuri, gobe za a fasa hanyar a sake aikin, kuma za a nemi masu haƙa.

"A'a, ranka shi daɗe. Gida za ni. Labari ya riga ya kai wa tsohuwata cewa ɗanta ɓarawo ne. Sai ta gan ni da idonta."

Ya karɓi digarsa, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi tashar Konni.