Kofin da Fiddausiya Ta Wanke

Ranar kasuwar Buza Fiddausiya ta fara ganin Sha'aibu. Fura ta kawo wa yayanta Sufyanu mai walda, sai ta hangi Sha'aibu, mai fentin rumfar kusa, tsugune da wani ɗan kofin sanholo mai huji a gindi. Ya tsoma shi cikin fenti, ya ɗaga, ya zuba wa zaren fentin da ke tsiyaya ido, yana auna lokaci da salula a ɗaya hannun.

"Malam, kofinka na yoyo fa," ta ce.

"Aikinshi ke nan," ya amsa bai ɗago ba. Da zaren ya tsinke ya ɗago, ya gan ta, lissafin ya ɓace masa fat. Dole ya sake awon.

Ya yi mata bayani fiye da yadda ta tambaya. In kofin ya daɗe bai tsiyaye ba, fenti ya yi kauri, sai a ƙara masa diluwan, ruwan da ke tsinka fenti. In ya zube da sauri, fenti ya tsinke da yawa, zai yi ta darara a jikin ƙarfe. Tsakanin nan ne bindigar feshi ke so. Ita dai kai kawai take gyaɗawa, hannayensa take kallo.

Kafin wata ya zagayo, saƙonni sun fara kai da kawowa.

"Fiddo tawa, yau na fesa wa moton wani kore, shuɗi ya ce. Laihinki ne."

"Ni mi na yi? Ka ci abinci dai, Mai Kofi."

Sai dai mahaifinta, Malam Hamani manomin albasa, ya riga ya ajiye ransa kan Mahamud, ɗan ƙanensa direba. Mai shafe-shafe, in ji shi, ba miji ba ne. Gogo, yayar Malam Hamani, ita ta tsaya masa a wuya har ya sassauta: ga sabuwar ƙofar ƙarfe da Sufyanu ya ƙera wa gidan, yaron ya zo ya fesa. In aikin ya yi, ya turo magabatansa. In bai yi ba, a bar maganar.

Ana gobe za a yi, Fiddausiya ta ga kofin rataye a rumfa, bayansa duk busasshen fenti. Haba, da wannan ƙazanta za a zo gaban Baba? Ta kai shi gida, ta dirje shi da toka da yashi yadda take yi wa tukwane, ta sa ƙusa ta sakace hujin sosai. Ta mayar da shi yana walƙiya. Sha'aibu kuwa daɗi ya cika shi, ko duba gindin bai yi ba.

Huji ya faɗaɗa, fenti mai kauri ya wuce da sauri kamar wanda ya yi daidai. Sha'aibu ya yarda da kofinsa, ya fesa. Da ƙofa ta bushe sai ga ta gurzu-gurzu kamar ɓawon lemo. Malam Hamani ya shafa tafinsa a kai, ya dubi yayarsa.

"To, Gogo, kin gani."

A rumfa Sha'aibu ya juya kofin, ya ga sawun ƙusa a bakin hujin, ya gane komai. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya kashe salula don kada ya faɗi abin da zai yi nadama. Ita kuwa ta ɗauka ya haƙura da ita ne.

"Mai Kofi, in ka janye ka gaya mini. Shirun nan ya hi ƙarhina."

Washegari ya je ya durƙusa gaban Malam Hamani, ya ce kuskurensa ne, a bar shi ya kankare ya sake. Tsohon ya ce ƙofa dai a gyara, ɗayar maganar kuwa ta wuce.

Sufyanu, wanda shi ma ya ga sawun ƙusar a kofin, shi ne ya kasa riƙe bakinsa. "Ke, wa ya aike ki da ƙusa?" Da ta ji abin da ta yi, kuka ta fashe da shi, ta wuce kai tsaye wurin mahaifinta ta zayyana masa komai. Ya sa aka kira Sha'aibu.

"Ka san wadda ta ɓata maka kofi?"

"Na sani, Baba."

"Mi ya hana ka hwaɗi? Ka ga aure na shirin kuɓuce maka."

"Ni na yi awon, ni ya kamata in duba. Kuma ba ni son in samu yardarka da kunyata ta a gabanka."

Malam Hamani ya juya ya dubi ƙofar. Gogo ta yi gyaran murya, ya ce mata ya ji, ba sai ta yi magana ba.

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura auren, har Mahamud ya ɗauko 'yan kai amarya a motarsa. Da aka shafa fatiha, Malam Hamani ya riƙe hannun angon da hannu biyu.

"Na ba ka ita da ɓarnarta duka. Yadda ka ruhe mata asiri a gabana, ka ruhe mata a bayana. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ɗayyiba."

Jama'a suka amsa da amin, Gogo ta rangaɗa guɗa daga cikin gida.