Kwandalar Kan Kabarin Wade

"Ɗauke hannunka daga kabarin yayana!"

Toby Renfro ya daskare a durƙushe, kwandala a hannunsa. Darlene ta ƙaraso tana haki, furanni na zubewa daga hannunta. Rana tsaka ce, ranar tunawa da sojojin da suka kwanta dama, maƙabarta cike da ƙananan tutoci, amma ita sanyi ne ya ratsa ta har ƙashi.

A garinsu na Tennessee kowa ya san ma'anar tsabar kuɗin da sojoji ke bari kan kabari. Kwandalar santi ɗaya, na zo ziyara. Santi goma, mun yi aiki tare. Ashirin da biyar kuwa... ina wurin ransa ya fita.

Shekara uku tana tsintar ta ashirin da biyar kan kabarin Wade, tana kuka tana neman mai ita. Ashe mutumin da za ta aura nan da sati biyu ne! Corinne, 'yar gwaggonta mai mutuwar son Toby, ita ta raɗa mata, har da murmushin mugunta, wai ta leƙo maƙabarta yau ta ga abin mamaki.

"Ce min ka yi ko da ka isa ya riga ya cika. Har rantse min ka yi, Toby!"

"Masoyiyata..."

"Kar ka ƙara kira na haka!"

Da wannan rantsuwar ta yaƙi mahaifiyarta. Ranar da aka harbo jirgi mai saukar ungulu da Wade ke tuƙawa a tsaunukan Afghanistan, Toby, ma'aikacin jinyar rundunar, ya kutsa cikin ruwan harsashi ya fito da mutum huɗu. Aka ba shi lambar yabo. Mama kuwa kullum maganarta ɗaya: "Huɗu ya iya ɗauka, nawa ne ya yi masa nauyi?"

Ga Maman nan a bayansu, ta dogara sanda, ta ji komai.

"Yana raye na same shi," in ji Toby, idonsa a ƙasa. "Ƙarfe ya danne ƙafafunsa. Shi na fara kamawa, wallahi shi na fara kamawa! Ya ture ni. Ya ce, Renfro, kwashe min yarana tukuna, umarni ne."

Darlene ta toshe baki.

"Sau huɗu na je na dawo. A na biyar... wuta ta riga ni. Na ja, na ja, bai motsa ba. Sai na zura hannu ta fasasshiyar taga na riƙe nasa." Ya buɗe tafinsa mai tabon ƙuna. "Wannan ba ƙofar jirgi ce ta yi min ba, kamar yadda na faɗa. Har yau ko nama ake gasawa a bayan gida sai na gudu."

"To me ya sa ka yi mana ƙarya?" Muryar Darlene ta karye.

"Don kar ku san ya ji zafi."

Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, son nan kuma ya ƙi ragewa ko kaɗan. Ta dubi Mama, tana jiran kalmar da za ta rushe auren.

Mama ta matso a hankali.

"Shekara uku ina ganinsa cikin wutar nan," ta ce, "yana waige-waige, babu kowa. Ko ido na rufe shi nake gani." Ta haɗiyi kuka. "Yaro, dube ni. Ka sake shi?"

"A'a, Mama. Sai da mutum biyu suka janye ni, bayan ya yi shiru."

Sandar ta faɗi. Mama ta kama ƙonannen hannun da hannu bibbiyu, ta manna shi a kumatunta, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Da ta gaji, ta ɗora shi cikin na 'yarta.

Ranar ɗaurin aure a coci, Darlene ta ji tabon yana gogar tafinta. Ta san duk sanda ta riƙe wannan hannun, har ƙarshen rayuwarta, su uku ne, har da Wade.

Ta ƙara damƙe shi.