Mai Hayar da Ba Ta Barin Datti

Dab da magariba Gwaggo ta fito zubar da ruwan da ta wanke wa yayarta ƙafa, sai ta iske mace ta uku a bakin ƙofa, ta zo neman ɗakin haya.

Gwaggo ba ta karanta takarda, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Gwajinta ɗaya ne. Duk mai son ɗakin, sai ta miƙa mata bokiti ta ce, "Shiga ki watsa ruwa, kin sha hanya." In ta fito, Gwaggo ta shiga ta duba rariyar banɗaki. Ta farko ta bar curin gashi. Ta biyu, mai sayar da kifi, ta bar ɓawon kifi da ƙarni, aka ce mata ta kama gabanta, gidan nan akwai mara lafiya.

Ta ukun nan siririya ce, mai sanyin murya. Da ta fito, rariya fes. Har tsohuwar gansakukar da ta gagari soson ƙarfe babu ita.

"Ga 'yar gidan mutunci," in ji Gwaggo.

Yaya daga kan gado ta ce, "Ni dai ban ji zubar ruwa ba."

"Haba Yaya, ke da kunnenki ya riga ki tsufa?"

Mako guda gidan na ƙyalli. Kwandon shara ba ya cika. Ƙuda ya ƙaura. Sai dai tsummokaran da Gwaggo ke cirewa daga gyambon ƙafar Yaya, jage-jage da mugunya, in ta ajiye su don ƙonawa, sai ta tarar da su fari tas, da ɗan danshi. Yarinyar kuwa ba ta taɓa ɗora tukunya ba. Amma kumatunta na cika.

Rana ta takwas Gwaggo ta fita sayo auduga. Ta dawo rana ta faɗi. Tsakar gida na wani wari, kamar madarar da ta kwana a zafi.

Daga ɗakin Yaya, sauti. Lak. Lak. Kamar kyanwa a kan kwano.

Ta ɗaga labule.

Yarinyar na durƙushe a ƙarshen gado. Harshenta toka-toka, tsawon hannu, ya nutse cikin gyambon. Yaya ido a kafe. Ƙafar ta tsotse kamar sanda.

Yarinyar ta juyo, haɓarta na ɗiga.

"Gwaggo," ta raɗa, "ai ke kika ce kina son tsafta. Saura kaɗan."

Amai ya taso wa Gwaggo. Ta haɗiye shi, kada ta ƙara wa abin abinci.

Maganar Yaya ta dawo mata: ban ji zubar ruwa ba.

Ta ambaci Allah, ta sunkuci bokitin ruwan sabulu, ta sheƙa mata.

Ƙara guda. Abin ya zube, ya ja ciki ta tsakanin ƙafafun Gwaggo, sanyi da yauƙi, ya shige rariya.

Yaya ta rayu, amma ƙafar ba ta sake yin nama ba.

Washegari Gwaggo da kanta ta je kasuwa ta nemo mai kifi. Kullum da safe tana tsince ɓawon kifi a rariya, tana toshe hanci, tana tsaki. Ranar da mai kifin ta ji kunya ta ɗauki soso za ta goge, Gwaggo ta fizge shi.

"Ke ƙazama, wa ya sa ki? Bar min dattinki inda zan gan shi."