Faifan Malaminsa

"Wa ya taɓa min faifaina?!"

Muryar makaɗin ta cika falon. Matarsa ta fito daga kicin da murmushinta, tana goge hannu da tsumma. Mahaifiyarta, wadda ta zo musu yini, tana zaune a kujera.

"Ni ce, masoyina... Tun safe nake fama da shi. Duba, har fuskarka za ka gani a ciki!"

Ya kuwa ga fuskar tasa, ba kyan gani.

Shekara goma sha takwas yana kaɗa ganguna a ƙungiyar kiɗan jaz. Ganguna kam duk inda ya je zai tarar, amma faifan tagullar nan da ake bugawa da sanda, a jaka yake yawo da abinsa. Malaminsa ne ya bar masa kafin ya rasu, baƙi ƙirin da dauɗar shekara arba'in. A wajen masu jaz wannan dauɗar ce ke sa muryar faifai ta yi taushi, shi ya sa ba a goge shi. Ita kuwa baiwar Allah, wata huɗu kacal da aurensu, ta ga abu ya yi datti ta sa masa soso da man goge ƙarfe.

Ya ɗauki sanda ya ɗan taɓa shi. Tsiiin! Sai ka ce murfin tukunya ya faɗi.

"Kin kashe shi! Kin kashe min shi!"

"Na zaci zan faranta maka ne..."

"Wa ya aike ki? Ke ba abin da kika sani sai goge tukunya! Da na san haka, da wadda ta san aikina na aura!"

Surukarsa ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Sai a lokacin ya tuna tana wurin, amma magana zarar bunu ce. Ya jefar da sandar ya fice.

Da ya dawo da la'asar, ba mata, ba faifai.

Kwana biyu yana zuwa atisaye da faifan aro, yana kiɗa kamar wanda aka sa dole. Mai kaɗa fiyano, dattijon ƙungiyar, ya ja shi gefe.

"Ka taɓa faɗa mata ba a gogewa?"

"A'a..."

"To wahayi kake so a yi mata? Kai da ka zo mana ko riƙe sanda ba ka iya ba, malaminka ya taɓa zaginka a gaban uwarka?"

Kunya ta lulluɓe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Faifan ma ya daina damunsa. Abin da ke cin ransa shi ne yadda murmushinta ya mutu yana kallo, kuma yana tsoron ba za ta dawo ba.

Da hantsin rana ta uku ya tsaya a ƙofar surukarsa. Sau biyu yana ɗaga hannu yana saukewa kafin ya ƙwanƙwasa.

"Mama, ina kwana..."

"Lafiya lau." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ni dai ban haifi mai goge tukunya ba, ɗan nan. Wuce, tana lambu. Ta tone min rabin furannina, na yi magana har na gaji."

Ya same ta durƙushe a cikin taɓo, gabanta rami, faifan kwance a ciki, tana tura masa ƙasa da hannu. Fatar yatsunta duk ta saɓule saboda man gogen.

"Hasken idona... me kike yi haka?"

Ba ta ɗago ba.

"Na kira mai fiyano. Ya ce wasu makaɗan suna binne faifai a ƙasa don ya yi baƙi. Ramin farko ruwa ya cika shi, shi ne na sake wani." Ta ci gaba da tura ƙasa. "Ya ce wata shida, wataƙila shekara. Zan zauna a nan har ya yi, sannan in kawo maka abinka. Ba zan iya kallon idonka ba kafin nan..."

Wai ita ce ke jin kunyarsa! Ji ya yi kamar shi ma ya shige ramin.

"Shekara? Ni da kwana uku suka gagare ni?"

"Ka ce da ka sani..."

"Na faɗa. A gaban Mama na faɗa, a gabanta zan janye." Ya juya wajen surukarsa da ke tsaye a bakin ƙofa, hawaye na zubo masa. "Mama, ki shaida! Ban yi da-na-sanin aurenta ba, bakina ne ya yi ƙarya. Ni ne ban koya mata ba. Ku yafe min, ke da ita!"

Matarsa ta fashe da kuka. Ya durƙusa kusa da ita cikin taɓon, ya riƙo hannayenta a hankali don kada ya fama mata ciwo.

"Faifan ya zauna a nan ya yi shekararsa," ya ce. "Ke tashi mu tafi gida."