Rijiyar da Na Zana a Hagu

"Sa'adiyya, waye wannan?!"

Abba ya dangwarar da wayarsa a gabana har kofin shayina ya girgiza. Hotona ne a bakin tekun Wakrah, a nan ƙasar Larabawa da muke zaune, ina zaune da littafin zane a cinya, wani dogon saurayi yana tsaye yana nuna min jirgin masunta.

"Malamina ne, Abba..."

"Malami da kakin masu gadi?"

Ummi ta yi saurin juya baya, amma na ga kafaɗarta tana rawa. Dariya take yi.

Shekara biyu na yi ina fama da koyon zane. Na kalli bidiyoyi a waya har idona ya yi ja, na aro littattafai daga laburare, amma duk jirgin da na zana sai ya fito kamar takalmin Ummi. Ran nan ina zaune a kasuwar Souq Waqif ina kokawa da hoton wata ƙofa, sai na ji an ce da Hausa, "Baiwar Allah, bidiyon bai gaya miki ki ɗaga kai ki kalli ƙofar ba?"

Usaini ke nan, ɗan Haɗeja, mai gadi a kasuwar. Ya ara min wani tsohon littafin koyon zane da ya cika gefensa da bayanai da fensir. Kullum kuma sai ya turo min zanen gini ko jirgi, ya sa kuskure guda ɗaya da gangan, ya ce in nemo.

"Sai idonki ya iya gani kafin hannunki ya iya ja," in ji shi.

Ina neman kurakuransa na wayi gari ina sonsa, so kuwa ba ɗan kaɗan ba.

Wanda ya ɗauki hoton na san shi sarai. Injiniya Badaruddeen ne, yaron Abba a ofis, wanda ya daɗe yana zarya gidanmu a unguwar Aziziya yana ce wa zanena wasan yara.

"Khalas! Shi ke nan!" in ji Abba. "Ki mayar masa da littafinsa. Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Na shige ɗaki na kira shi ina shessheƙa.

"Masoyina... Abba ya ce a rabu."

"Haba gimbiyata, share hawayen mana! Ni dai ba zan bi ta bayan Abba ba. In bai buɗe min ƙofa ba, ba zan haura katanga ba."

"To ni fa? Haka zan rasa ka?"

"Ke da kika iya nemo kuskure, ki nemo inda zuciyarsa take da laushi."

Na kuwa san wurin. Gidan kakata ne a Rano, wanda ruwan sama ya rushe tun kafin a haife ni, ko hoto ɗaya babu. Sau dubu na ji Abba yana siffanta shi: zaure mai ƙofa biyu, bishiyar tsamiya, rijiya a hannun dama.

Kwana huɗu na yi ina zana shi da fentin ruwa. Da na zo kan rijiyar, sai na yi murmushi na dasa ta a hagu.

Ranar Alhamis da la'asar na bar shi a kan teburin cin abinci, da fensir da farar takarda a gefe, na laɓe bayan labule.

Abba ya shigo daga aiki, ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Gidan Inna..." ya faɗa can ƙasa.

Ya daɗe yana kallo, sai kuma ya ɗaure fuska.

"Sa'adiyya! Wa ya ce miki rijiyar a hagu take?"

Na fito sum-sum. "Ba a nan take ba, Abba?"

"A dama take! Kullum ina faɗa! Miƙo fensir ɗin nan."

Ya ja kujera ya zauna. Injiniya guda da ya shekara talatin yana zana taswirar bututu, amma rijiyarsa ta fito kamar ƙwai, zauren kuma ya karkace kamar zai faɗi. Ya goge, ya sake, ya kuma gogewa.

"Ya aka yi naki zauren ya yi zurfi, kamar mutum zai shiga ya yi sallama?"

"Yana cikin littafin da ka ce in mayar, shafi na arba'in. Amma fa sai mai littafin ya yi bayani ake ganewa."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya dubi rijiyar, ya sake duba na.

"Da gangan kika yi, ko?"

"Haka yake koyarwa, Abba."

Ummi ta fashe da dariyar da ta kwana huɗu tana riƙewa. Abba ya yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya gagara.

"Ja'ira! Ki ce masa ya zo gobe bayan Juma'a. Rijiya kawai zai gyara min, ba wani abu ba!"

Ya zo kuwa, cikin farar shadda, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin falon. Gyaran rijiya ya kai su har magariba, Abba yana ba shi labarin Inna, shi yana ja masa layi. Badaruddeen ya yi sallama a tsakiya, Abba bai ko ɗago ba ya ce, "Injiniya, matsa kaɗan, ka tare mana haske."

Wata bakwai bayan nan aka ɗaura mana aure.

Ranar da za a kai ni, Abba ya miƙo min wani abu a naɗe. Gidan Inna ne, zanen hannunsa, zaure ya miƙe, rijiya tana dama. A ƙofar gidan ya zana takalmi ƙafa biyu, na mace da na namiji.

"Akwai kuskure ɗaya a ciki," in ji shi. "Sai kun riƙa zuwa duk Juma'a kuna nema."

Shekararmu biyu ke nan muna zuwa, ni da Usaini. Tun ranar farko muka gane babu kuskuren komai a ciki, amma har yau ba mu gaya masa ba.