Wayar Da Ta Kai Ɗakin Mma Fatimata

Ranar da Sanatu ta fara ganin Fatawu, yana tsugune a tsakar gidansu a unguwar Nima, da ƙunshin waya a wuya kamar mai tallan igiya.

"'Yar gidan nan, riƙe mini bakin wayar nan."

"Ba a koya maka sallama ba ne, Mai Waya?"

Ya miƙe ya yi sallama har da cire hula. Ta riƙe masa wayar, sunan kuma ya bi shi.

A shekarun nan na bayan samun mulkin kai, wata cuta ta kama mazan Nima da Maamobi, cutar garmaho. Mutum bai share kwatar ƙofar gidansa ba, amma ya haddace sunan kowane faifai. Musah, ɗan dillalin shanu mai neman auren Sanatu, ya kinkimo kaya daga kantunan Adabraka ya dire wa mahaifinta, Baba Sulemana mai goro: garmaho mai juya faifai, da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, da lasifika kamar akwatin amarya. Dattijo da furfurarsa ya zauna yana shafa katako kamar an miƙa masa jika. Fatawu mai gyaran rediyo ne, shi aka kira ya haɗa kayan.

"Baba," in ji Fatawu, "dole waya ɗaya ta yi tsawo. Ko wadda ta tashi daga garmaho zuwa amfilifaya, ko wadda ta tashi daga amfilifaya zuwa lasifika. Ta farkon sautinta ba ƙarfi, in ta yi nisa ƙugi take kwasowa. Gara a tsawaita ta lasifika."

Musah ya yi tsaki. "Chale, abokina, aiki aka kira ka, ba wa'azi ba. Amfilifaya da lasifika a ƙofar gida za su zauna, kowa ya gani. Garmahon a kai can ciki, Sanatu ta riƙa canza mana faifai."

Sanatu ta dubi Fatawu tana jiran ya musa. Sai ya sunkuyar da kai, ya ja wayar ta ratsa tsakar gida daga bango zuwa bango.

Haka Sanatu ta zama baiwar allurar garmaho. Maza na ƙofa suna ihun "Canza!", ita tana ƙuryar gida, kusa da ɗakin mahaifiyarta Mma Fatimata, wadda ɓarin jikinta ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Kiɗan na can bakin titi. Abin da ke isa ga tsohuwar bai wuce ɗan raɗan da allura ke yi a kan faifai ba, amma kullum sai ta karkato kunne.

"Kiɗan garinmu ne?" ta taɓa tambaya. Sanatu ta juya ta canza faifai.

Duk wanda ya zauna gidan haya ya san abin da ke samun waya in ta ratsa tsakar gida. Matan gidan suka mai da ita igiyar shanya. Ranar Juma'a, Musah ya tara abokansa, jiƙaƙƙun zannuwa suka rinjayi wayar, lasifika ta yi gunji kamar sa a mahauta, ta yi tsit. Musah ya ɗora wa Fatawu laifin, ya ƙara da cewa ba waya ce ke kawo shi gidan ba, yarinya ce. Baba Sulemana ya rantse kada mai gyaran rediyo ya sake taka masa gida.

Fatawu ya tare Sanatu a bakin famfo.

"Sanatuna."

"Ni ba taka ba ce. Ka san gaskiya, ka haɗiye ta."

"Tsoro na ji kada a kore ni in daina ganinki."

"Yoo, to. Ga shi an kore ka. Me tsoron ya tsinana maka?"

"Faɗa mini abin da zan yi, sanyin idona."

Ta daidaita bokiti a kai. "Mma tana kasa kunne ga allura, Mai Waya. Ka yi tunani da kanka."

Washegari da hantsi ya zo ya durƙusa gaban Baba Sulemana, ya roƙi a bar shi ya gyara ɓarnar, daga nan a kore shi. Ya ajiye garmaho da amfilifaya wuri ɗaya kusa da tabarmar dattijon, da guntuwar waya a tsakaninsu. Doguwar wayar lasifika kuwa ya bi da ita jikin bango, ƙarƙashin kwano, yana kafa ta da ƙusa inda ko hankici ba zai ratayu ba, har ɗakin Mma Fatimata.

Musah ya iso yana huci. "Lasifikata a ɗakin mara lafiya? Wa zai ji? A mayar da ita ƙofa, ko in kwashe kayana!"

Sai faifai ya fara juyawa. Daga can ƙurya, a bayan kiɗan, wata murya mai karkarwa ta kama amshi. Baba Sulemana ya san muryar matarsa. Ya daɗe bai ji ta ba. Ya goge ido da hannun riga.

"Kwashe, ɗana," ya ce. "Wayar dai ba taka ba ce."

Musah ya kwashe, ya tafi neman gidan da ake auna miji da ƙarar akwati. Irin gidajen nan ba su yi ƙaranci ba, har yau. Fatawu ya kawo nasa kayan na shago, masu faci da tabo, ya jona su.

Bayan Sallah aka ɗaura auren Sanatu da Fatawu. 'Yan biki suka yi ta gunaguni wai ba a jin kiɗa daga titi. Bakinsu ne. Amarya ta shiga sallama da mahaifiyarta, tsohuwar ta kama hannun ango da hannunta mai lafiya, ta ɗora a kan na 'yarta.

"Mai Waya," ta ce a hankali, "Allah Ya yi muku albarka."

Sanatu ta ce amin, Fatawu ma ya ce amin. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin ƙan iyaye.